Haƙorin Makka Muna Iya Saya, Likitan Haƙori Ya Gagare Mu

Maƙalar wannan makon ta faɗo kaina, kuma tun da wuri ina neman afuwar duk wanda zafin maganata zai taɓa. Na so in yi sanyi, abin ya ƙi.

Kwanakin baya a wajen wani ɗaurin aure hira ta kai mu kan tsadar karatun likitan haƙori. Wani dattijo mai babbar riga, wanda 'ya'yansa biyu ke karatu a ƙasar waje, ya dube ni ya ce, "Yaro, ai kowa ya san karatun likita ba na talaka ba ne. Wanda ba shi da ƙarfi sai ya nemi daidai da shi." Mutanen wajen suka gyaɗa kai. Na ce, "Haka ne, Alhaji," na ja bakina na yi shiru, don ya haife ni. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Amsar da na kasa ba shi a tsaye ita zan bayar a nan, domin masu irin wannan tunani suna da yawa, kuma a cikinsu akwai masu riƙe da alƙalamin sa hannu.

Yadda abin ya shigo gidanmu

Ina da ƙanwa, 'yar baffana. Baffa malamin firamare ne da ya yi ritaya, mahaifiyarta kuma ɗinki take yi a cikin gida. Yarinyar nan ta ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, wata jami'ar gwamnatin tarayya ta ɗauke ta karatun likitan haƙori. Ranar da sunanta ya fito, unguwa ta ɗauka. Tun ba ta taka makarantar ba aka fara ce mata Dakta.

Shekarun farko an yi su da dabara. Adashi ya biya kuɗin rajista na wata shekara, tunkiya biyu suka biya na wata. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye mata wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, kuma kowane wata da aka ƙara kuɗin haya ne da na abinci. A 2023 aka ninka kuɗin makaranta. Dangi suka haɗa, aka biya. Sai ta isa matakin da ake rabuwa da ɗaliban likitanci a shiga aikin haƙori gadan-gadan, aka miƙo musu takardar kayan aikin da kowane ɗalibi zai saya da kuɗinsa. A nan Baffa ya zauna. Keken ɗinkin Inna ma da aka yi maganar sayarwa, kuɗinsa bai kai rabin abin da ke takardar ba.

Yanzu ta jingine karatun na shekara guda. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, tana tara abin da ya samu. Ba ta faɗi jarrabawa ba, ba a kama ta da laifi ba. Har yanzu a unguwa Dakta ake ce mata, sai dai ta daina amsawa.

Ina kuɗin yake tafiya?

Da yawanmu mun ɗauka likitan haƙori ƙaramin likita ne, wanda ya koyi cire haƙori a shekara biyu. A Najeriya karatun shekara 6 ne, daidai da na likitan jiki. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan ɗalibi zai zauna aji ɗaya da ɗaliban likitanci, ya karanta ginin jikin mutum, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da ilimin cututtuka, da na magunguna, ya zagaya ɗakunan marasa lafiya da na tiyata. Bayan ya tsallake wannan ne zai shiga nasa fagen. In ya gama, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekarar hidimar ƙasa. In komai ya tafi daidai shekara 8 ke nan, kuma mun san a ƙasar nan ba kasafai komai ke tafiya daidai ba.

Abin da ya sa wannan karatun ya fita daban wajen cin kuɗi shi ne aikin hannu ne. Kafin a bar ɗalibi ya taɓa bakin mutum, sai ya yi watanni yana koyo a kan mutum-mutumi mai haƙoran roba. Haƙoran nan ƙwaƙule su ake yi, in ya lalata ɗaya sai ya sayi wani. Akwai ɗan madubin duba baki, da tsinken bincike, da hantsaki, da wuƙaƙen sassaƙa kaki, da ƙarfen da ke kwaikwayon buɗewa da rufewar muƙamuƙi, da na'urar hannu mai huda haƙori da ƙananan bakunanta masu cinyewa. Akwai kaki, da filasta, da garin ɗaukar awon baki, da robar da ake yin haƙorin roba da ita. Waɗannan ƙarewa suke yi kamar gishirin miya. Kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, da dala. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Duk abin da ke cikin takardar ƙanwata ya bi dala ya hau, fanshon Baffa yana nan inda yake.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a rubuta shi a takarda. A shekarun ƙarshe, kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, sai ya cika adadin ayyukan da aka yanka masa a kan marasa lafiya na gaske: ciko kaza, cirewa kaza, wankin haƙori kaza, haƙorin roba kaza. To marar lafiyar da ya zo asibitin koyarwa sau da yawa talaka ne, kuɗin kati ma da kyar. In ya ce ba shi da kuɗin ciko, a cire kawai, ɗalibi ya rasa aikin da yake nema. Sai ka ga ɗalibi ya sa hannu a aljihunsa ya biya wa marar lafiya kuɗin aiki, wani lokaci har da na mota don ya dawo a ƙarasa. Ɗan mai kuɗi zai cika adadinsa a kan lokaci. Ɗan talaka zai jira, jarrabawa ta wuce shi, ya ƙara wata shida yana biyan haya.

Ga kuɗin makarantar shi kansa. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya suka bi juna suna ƙari. Jami'ar Legas ta sanar da ɗaga kuɗin ɗaliban sashen likitanci daga kusan naira 19,000 zuwa sama da 190,000, sai da ɗalibai suka fito zanga-zanga aka ɗan rage. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Jami'o'in Arewa su ma suka yi nasu ƙarin, kuma a ko'ina ɗaliban lafiya ne a sahun masu biyan kuɗi mafi yawa. Jami'o'in kuɗi kuwa maganar miliyoyi ake yi a kowace shekara, ba ma sai mun ɓata lokaci a kansu ba.

Kuma kada a manta, wannan karatun ba ya barin mutum ya yi sana'a a gefe. Ni da na yi difloma, da rana ina aji, da yamma ina shagon wani ina buga takardu a kwamfuta, da haka na biya wa kaina. Ɗalibin haƙori yana asibiti da safe, yana ɗakin gwaji da rana, yana karatu da dare. Dole wani ya ɗauki cinsa da shansa har ya gama.

Wa ke biyan kuɗin a ƙarshe?

Mai yiwuwa wani ya ce wannan matsalar gidanku ce. To bari mu fita daga gidanmu.

Makarantar likitan haƙori ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966. Shekaru masu yawa guda huɗu ne kacal: Legas, Ibadan, Ife da Benin. Babu ko ɗaya a Arewa. Sai a wannan ƙarnin muka samu namu, a Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano, wasu suka biyo baya. Kuma kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da hukumar MDCN mai kula da likitoci ta yarje mata ta ɗauka, gwargwadon kujerun aiki da malaman da take da su, adadin kuma ba shi da yawa. Sakamakon shi ne ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 likitocin haƙorinta ba su wuce 'yan dubbai ba, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Saboda haka duk gurbin da ɗalibi ya bari a aji huɗu, asara ce da ba a mayar da ita, don babu mai shigowa daga tsakiya ya cike wajen.

Ku tambayi kanku: a ƙaramar hukumarku akwai likitan haƙori? In haƙori ya hana tsohuwarka barci a ƙauye, ina ake kai ta? Mun san amsar. Ana tura kanumfari a kogon, ko a daka ƙwayar magani a cusa, wasu har ruwan batir suke ɗigawa don jijiyar ta mutu. In abin ya ƙi, sai ranar kasuwa, wajen mai filaya, ko mai cewa zai fitar da tsutsa. Ba na zagin waɗannan mutane, gurbi suka gani suka shiga. Amma ruɓar haƙorin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe ta kumbura wuya har ta toshe numfashi. Mutane suna mutuwa da wannan, a ce ajali ne ya zo ta kumburi.

Sai kuma cutar da ake kira noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona sai kamar suna. Yara ƙanana take kamawa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Daga ciwon dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu, ta ci leɓe, ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran mutuwa suke yi. Alhali in an gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci sun isa su tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka kafa tun 1999 saboda wannan cuta kaɗai. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, aka amince a watan Disambar 2023. Wato mun iya zuwa gaban duniya mu ce yaranmu na rasa fuskokinsu, amma mun kasa saya wa ɗalibar da za ta riƙa duba bakin yaran nan kayan koyon aiki.

Ga abin da Alhaji bai lissafa ba. Idan karatun ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai, likitocin ma na unguwannin masu hali za su zama. Ba na cewa ɗan mai kuɗi ba shi da tausayi. Amma wanda ya tashi a birni, ya yi karatu da miliyoyin mahaifinsa, ina dalilinsa na zuwa ya zauna a asibitin karkara inda babu wuta? Wanda ake sa ran ya zauna shi ne wanda uwarsa ke garin, yake jin yaren mutanen, ya san abin da ake nufi in an ce yaro ya daina cin tuwo. Shi ne kuma tsadar take fara korewa.

Hujjojin da ake kawowa

Na ji hujjoji huɗu, kuma zan ba kowace haƙƙinta.

Ta farko: ilimi mai kyau tsada gare shi, jami'a ba za ta yi shi a kyauta ba. Wannan gaskiya ne. Kujerar aikin haƙori daga waje ake kawo ta, tana buƙatar wuta da ruwa da injin iska. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin da ake kira Band A daga kusan naira 68 zuwa 225, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka yi ta kuka. Kuma ba a koyar da wannan aiki da lasifika a ɗakin mutum 500, sai malami ya tsaya a kan hannun kowane ɗalibi. Ban musa tsadar ba. Tambayata ita ce wa ya kamata ya biya. Titi ma tsada gare shi, amma ba a cewa wanda zai fara bi ta kai shi zai biya kuɗin kwalta. Likita kayan al'umma ne. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba. Giɓin da ta bari shi ake miƙo wa irin su Baffa a takarda.

Ta biyu: ai yanzu akwai bashin karatu. Haka ne, asusun NELFUND ya fara aiki a 2024, bashin babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara cirewa. Ya taimaki mutane da yawa, wanda ya musa bai yi adalci ba. Amma kayan aikin da suka tsayar da ƙanwata ba kuɗin makaranta ba ne, ba sa cikin lissafin. Naira 20,000 kuwa, ku da kanku kun san kwana nawa take yi a hannun mai cin abinci sau biyu a rana.

Akwai kuma abin tsoro a gaba, kuma wata ƙasa ta riga mu shiga ramin. A Amurka, bayan digirin farko na shekara 4, sai mutum ya ƙara wasu 4 a makarantar haƙori. Tun da gwamnatinsu ta buɗe ƙofar ɗalibi ya ranci duk abin da makaranta ta yanka, kuɗin ya yi ta hawa, har ya zama matsakaicin bashin da sabon likitan haƙori ke fitowa da shi ya kai kusan dala 300,000. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wani likitan gyaran jerin haƙora da bashinsa na karatu ya haura dala miliyan ɗaya. Mai irin wannan kaya a ka ba zai buɗe asibiti a unguwar matalauta ba, dole ya bi inda kuɗi yake. A ƙasar ce a 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland ya mutu bayan ruɓar haƙori ta kai masa ƙwaƙwalwa, domin mahaifiyarsa ta sha wahalar samun likitan da zai karɓi inshorar talakawa. Wannan a ƙasar da ta fi kowa dukiya ke nan. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da jami'o'inmu suka gane cewa duk abin da suka yanka bashi zai biya, ranar za mu ga ƙarin da ba mu taɓa gani ba, ɗan talaka kuma ya fito da takarda a hannu ɗaya, igiya a wuya.

Ta uku: in an kashe musu kuɗi guduwa suke yi Ingila ko Saudiyya. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, suna tafiya. Har a watan Afrilun 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana likitoci da likitocin haƙori cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara 5 a gida, ƙudurin ya tsallake karatu na biyu. Amma ku dubi abin da kyau. Uwa ta sayar da keken ɗinkinta, uba ya sayar da gona, yaro ya biya wa marasa lafiya kuɗin ciko daga aljihunsa, sannan ranar da ya gama gwamnati ta taso ta ce nata ne? Kowa ya ci ladan kuturu shi ke masa aski. In kana son ka ɗaure mutum da sharaɗi, ka biya masa tukuna. Wanda al'umma ta ɗauki nauyinsa, al'umma tana da bakin ce masa ya tsaya. Wanda aka bari da iyayensa, bashin iyayensa zai fara biya, ko da a fam ne ko riyal.

Ta huɗu ita ce ta Alhaji: marar ƙarfi ya nemi daidai da shi, ga makarantun koyon aikin lafiya nan masu ba da difloma a fannin haƙori. Ni mai difloma ne, ba zan raina ta ba. Masu wankin haƙori da masu ƙera haƙorin roba da mataimakan likita aikinsu babba ne, kuma muna buƙatar ninkin waɗanda muke da su. Amma akwai aikin da doka da horo suka keɓe wa likita: karayar muƙamuƙi, ƙari a baki, tiyatar fuska. Sannan abin da ya kamata ya raba wanda zai yi digiri da wanda zai yi difloma shi ne ƙwaƙwalwa da sha'awa. In aljihun uba ne zai raba, to mu daina wahalar da yara da JAMB, a riƙa duba takardar banki kawai.

Mu ma da namu laifin

Ba zan ɗora wa gwamnati komai in wanke mu ba. Mu ne mutanen da alhaji ko hajiya ba su cika dawowa daga Makka ba sai da haƙori mai walƙiya a baki. Ba na hana kowa adonsa. Amma abin dubawa ne a ce al'ummar da ta mayar da haƙori alamar arziki ita ce ba ta ɗauki mai kula da haƙori a bakin komai ba. A biki ɗaya ana liƙa wa mawaƙi abin da zai sayi kayan aikin ɗalibai biyar. Mai kuɗinmu zai raba kujerun Umara goma, a buga a Facebook, amma ka je masa da takardar yarinya mai karatun likita, sai a ce Alhaji yana barci. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa koyon likitanci farilla ce a kan al'umma, in babu wanda ya yi, kowa ya ɗauki laifi. Sau nawa muka ji an yi huɗuba a kan wannan?

Kuma kada a ce babu kuɗi. A 2023, shekarar da ake ninka wa ɗalibai kuɗin makaranta, aka saya wa 'yan Majalisar Wakilai 360 motoci, kowace sama da naira miliyan 100. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira biliyan 90 ga aikin Hajji, ibadar da Allah bai ɗora wa kowa ba sai mai hali. A gefe guda, a 2023 ɗin dai gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, wanda ya nuna in an so yi ana iyawa. Jihohinmu sun sha tura ɗalibai karatun likita ƙasashen waje da dala, kuma mun ga yadda aka kwaso yaranmu daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, karatu ya tsaya cak. Wanda ke karatu a nan gida, a jami'ar da ke bayan gidan gwamnati, abin da zai riƙe shi bai kai kuɗin jirgin wancan ba, amma shi ba a ɗaukar hoto da shi a filin jirgi.

Abin da nake nema

Ba na son in yi ihu in tafi, ga buƙatuna a fili.

Kowace jiha ta nemi sunayen 'ya'yanta da ke karatun likitan haƙori a jami'o'in ƙasar nan. Ba su da yawa, takarda ɗaya ta ishe su. Ta ɗauki kuɗin makarantarsu da kayan aikinsu da ɗan abin kashewa daga aji biyu har su gama, bisa yarjejeniya a rubuce cewa za su yi wa jihar aiki na wasu shekaru, a kuma tura su manyan asibitocin ƙananan hukumomi da kujerar aiki mai lafiya. Tura likita inda babu kayan aiki daidai yake da tura manomi gona ba fartanya.

Makarantun su mallaki kayan aiki masu tsada a matsayin nasu, su riƙa ba ɗalibi aro yana mayarwa, kamar littafin laburare. Asusun TETFund da ke gina manyan ɗakunan taro zai iya sayen wannan. Marar lafiyar da ya yarda ɗalibi ya koyi aiki a bakinsa kuma a yi masa rangwame mai yawa ko kyauta, don shi ma gudummawa ya bayar.

NELFUND ya sa kayan koyon aiki cikin abin da yake biya wa ɗaliban lafiya, kuma a yafe wani kaso na bashin ga duk wanda ya yi aiki a karkara.

Jami'a ta faɗa wa ɗalibi da iyayensa gaskiyar abin da karatun zai ci tun ranar ɗauka, har da kayan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da Baffa ya san da wannan takarda tun shekarar farko, da ya fara tari tun lokacin.

Mu kuma, ƙungiyoyin unguwa, da na tsofaffin ɗalibai, da kwamitocin zakka, mu duba kusa da mu. A garinku akwai yaro ko yarinya da suka shiga wannan karatu? Ku tambayi ajin da suke, ku tambayi abin da ya rage. Yawancinsu kunya ba za ta bar su su roƙa ba.

Alhaji ya ce kowa ya nemi daidai da shi. Ƙanwata ta nema, jami'a ta auna ta, ta ce ta kai. Abin da ya gaza shi ne aljihun malamin firamare mai ritaya, kuma babu ƙasar da ke da hankali da za ta bar lafiyar bakin mutanenta a kan wannan aljihu. Wata rana cikin dare haƙori zai tashi wani daga barci, shi ko jikansa, a garin da babu jirgi, kuma a lokacin babu mai tambayar likita ko ɗan waye.

Ita dai ta ce in Allah ya yarda za ta koma zango mai zuwa. Takardar kayan tana nan a jakarta, ta soke abu huɗu da ta riga ta saya, saura na nan.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, bismillah, fili a buɗe yake. Musamman ina son jin ta bakin ɗaliban wannan fanni da iyayensu in akwai su a cikinmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya buɗa wa masu neman ilimi. Wassalam.